Babi na Bakwai: Maki Huɗu

A Birtaniya akwai wata takarda ta gwamnati da ta raba jikin ɗan'adam gida biyu, kuma a ƙugu ta ja layin. Idan sai an taimaka maka kafin ka wanke jikinka daga ƙugu zuwa ƙasa, makinka biyu. Idan kuwa tsakanin kafaɗa da ƙugu ne hannunka ya gaza, makinka huɗu. Haka ma wajen sa tufafi: wanda ake sa wa wando yana da biyu, wanda ake sa wa riga yana da huɗu. Wanda sai an yayyanka masa abinci a faranti kafin ya ci, biyu. Wanda sai an riƙe shi ya shiga bahon wanka ya fito, uku.

Da wannan ma'auni ake tantance wanda ya cancanci tallafin naƙasassu da ake kira PIP, wanda aka fara biya a shekarar 2013. Ana duba abubuwa goma na rayuwar yau da kullum, daga girki da ci da wanka da zagayawa banɗaki, zuwa shan magani da karatu da hulɗa da mutane da lissafin kuɗin cefane. Kowanne da makinsa. Sai a tara. Wanda ya haɗa maki takwas yana karɓar ƙaramin kaso, fam 73.90 a mako a lissafin shekarar 2025, wanda ya kai goma sha biyu kuma babban kaso, fam 110.40. Tallafin bai duba ko kana aiki ko ba ka yi, bai kuma duba abin da ke aljihunka. An kafa shi ne domin naƙasa tana da tsada: kuɗin tasi saboda ba ka iya hawa bas, kuɗin ɗumama ɗaki saboda wuni kake yi a zaune, kuɗin wanki saboda zanen gado ba ya kwana biyu bai jiƙe ba.

Shekara goma sha biyu layin nan na ƙugu bai tsone wa kowa ido ba, tun da tarawa ake yi. Biyu nan, biyu can, an kai takwas.

Mu ƙaddara wani gida a wani gari na arewacin Ingila. Maigidan ya yi shekaru yana aikin gini, yanzu ciwon gaɓoɓi da na baya sun zaunar da shi. Da asuba matarsa ce ke tayar da shi ta raka shi banɗaki, ta tsaya bakin ƙofa ko da zai zame. Ita ke wanke masa ƙafafu, ita ke zura masa wando da safa, ita ke yanka masa nama a faranti domin yatsunsa ba sa riƙe wuƙa da ƙarfi. Idan zai dafa wani abu sai a zaune, a kan wata doguwar kujera da aka yi don haka. Abu biyar ke nan, kowanne maki biyu, jimla goma. Ya cancanci ƙaramin kaso. Saboda shi ya cancanta, ita ma sai ƙofa ta buɗe mata: tana iya neman alawus ɗin mai jinya, fam 83.30 a mako a lissafin 2025, muddin tana yi masa hidimar da ba ta gaza awa 35 a mako ba. A riƙe wannan da kyau, domin a nan dukan rigimar take. Alawus ɗin matar ba a kan wahalarta aka rataye shi ba. A kan takardar mijinta aka rataye shi.

Ranar 18 ga Maris 2025, Liz Kendall, ministar ayyuka da fansho a gwamnatin jam'iyyar Leba ta Keir Starmer, ta miƙe a majalisa ta gabatar da shirin gyaran tallafi wanda aka ce zai rage wa baitulmali kusan fam biliyan 5 a shekara kafin 2030. A cikinsa akwai ƙa'ida ɗaya gajera: daga Nuwamban 2026, tara maki kaɗai ba zai wadatar ba, dole mutum ya sami aƙalla maki huɗu a abu guda cikin goman nan. Mutuminmu na ɗazu, da makinsa goma, ya faɗi. Da a ce riga ce yake kasa sawa ba wando ba, da ya tsira.

Gwamnati tana da hujjarta, kuma ba za a ce ta ƙirƙiro ta ba. Masu karɓar PIP a Ingila da Wales sun kai miliyan 3.7 a farkon 2025, adadin kuma hauhawa yake yi tun bayan annobar korona, har ministoci suna cewa kusan mutum dubu ake amince wa a kowace rana. Duk mai riƙe da lalitar ƙasa dole hakan ya hana shi barci. Inda hujjar ta yi rauni shi ne wajen da aka lulluɓe ta da zancen mayar da mutane bakin aiki, alhali PIP ba kuɗin zaman kashe wando ba ne. Akwai ma waɗanda da shi suke biyan motar da ke kai su wurin aikin. Sannan an ce za a saurari ra'ayin jama'a a kan shirin, amma aka tsame ƙa'idar maki huɗu daga cikin abubuwan da za a tattauna. Wato a kan babban batun, an riga an yanke.

Mako guda bayan haka, ranar 26 ga Maris, gwamnati ta fitar da nata ƙiyasin na abin da shirin zai haifar. Mutum dubu 800 ne za su rasa kuɗin rayuwar yau da kullum na PIP zuwa shekarar kuɗi ta 2029 zuwa 2030, wasu cikin masu karɓa yanzu, wasu cikin waɗanda da za su nema nan gaba, kowanne da asarar kimanin fam 4,500 a shekara. Mutum dubu 250 za su ƙaru a cikin matalauta, dubu 50 daga cikinsu yara. Daga baya alƙaluman ma'aikatar suka nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na masu karɓar ƙaramin kaso ba su da maki huɗu a ko da abu ɗaya. A can cikin takardar kuma, inda sai mai haƙurin karatu yake kaiwa, an rubuta cewa masu jinya dubu 150 za su rasa alawus ɗinsu ko ƙarin da ake ba su a tallafin bai-ɗaya na masu ƙaramin ƙarfi.

Mu koma gidan nan mu yi lissafi. Fam 73.90 na miji da fam 83.30 na mata, fam 157.20 ke nan a mako, sama da fam dubu takwas a shekara, daga tukunya ɗaya. Washegarin ranar da kuɗin zai tsaya, da asuba, wa zai raka shi banɗaki? Ita ce dai. Ƙafafun da ake wankewa ba su ji labarin an canza doka ba. Abin da masu jinya suka yi ta faɗa ke nan a wasiƙun da suka aika wa 'yan majalisarsu, da ta bakin ƙungiyoyi irin su Carers UK: kuɗin ne kawai zai tafi, aikin yana nan inda yake. Kuma idan aka ce matar ta fita ta nemi aiki don cike giɓin, to wa za ta bar wa mijin? Ƙaramar hukuma ce ke da alhakin aiko da ma'aikacin jinya gida, ƙananan hukumomin kuwa da kansu suke kuka. Ta Birmingham, wadda ta fi kowacce girma, a Satumban 2023 ta bayyana cewa ba ta iya daidaita kasafinta. Ma'aikacin da za a aiko albashi cikakke zai karɓa a kowace awa. An yi gudun gara, za a faɗa gidan zago.

Na san abin da ke ran wani mai karatu tun ɗazu. Wai a biya mace don ta yi jinyar mijinta? A biya ɗa don ya ɗauke wa mahaifiyarsa fo? Mu da muka tashi muna jin cewa lada ake nema da irin wannan hidima, maganar tana mana banbaraƙwai. Amma a duba yadda gidan yake a can. Ba faccala a sashen kusa, ba ƙanwar da za a aika wa ta zo daga ƙauye ta yi wata biyu, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce, “Je ki kasuwa, ni na zauna da shi.” Mutum biyu ne a gida, ko uku, ga haya ga wuta ga kuɗin gas na hunturu, kuma an gina rayuwar ne a kan cewa kowane baligi yana kawo albashi. Ranar da ɗaya ya kwanta, albashi biyu ne ke tsayawa. Ko a wurinmu ma, in za mu faɗi gaskiya, dangi kan cika ɗaki ne a makon farko da kwanukan abinci da sannu-sannu. Bayan wata shida, ka leƙa ka gani: mace ɗaya ce ta rage a bakin gadon.

Kuma a daina kiran abin nan albashi. Raba fam 83.30 gida 35, za ka sami fam 2.38 a awa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashin baligi ya kai fam 12.21 a awa a Afrilun 2025. Wannan ma ga wadda ta tsaya a awa 35 ke nan. Ƙidayar 2021 ta sami masu jinyar 'yan'uwa ba da albashi ba kusan miliyan 5 a Ingila da Wales, kuma miliyan 1.5 daga cikinsu suna yin awa 50 ko fiye a mako. Wadda ke jinyar mutum biyu, uwa da ɗa misali, alawus ɗaya za ta karɓa. Ɗalibin da ke karatu awa 21 ko fiye a mako bai cancanta ba. Wadda ta kai shekarun fansho, fanshon gwamnati yakan cinye alawus ɗin, ko da kuwa a lokacin ne jinyar ta fi tsanani. Masu bincike a Jami'ar Sheffield, tare da Carers UK, sun ƙiyasta darajar wannan aiki a Ingila da Wales a kan fam biliyan 162 a shekara, kusan daidai da abin da ake kashewa a lokacin a kan hukumar lafiya ta ƙasa. Wato akwai wata hukumar lafiya ta biyu a ƙasar, wadda ba ta da ofis ba ta da inifom, a cikin ɗakunan kwanan mutane take aiki.

Ɗan abin da ake ba su ɗin ma da jan hali aka same shi. Wata limamiyar coci mai suna Mary Webster ta ajiye aikinta a 1954 don ta kula da iyayenta da suka tsufa. A 1963 ta fara rubuta wa jaridu halin da mata marasa aure irinta suke ciki, tana kwatanta shi da ɗaurin talala. A 1965 ta kafa ƙungiyar da daga baya ta rikiɗe ta zama Carers UK, ta rasu a 1969 ba ta ga amfanin gonar ba. Sai a 1976 aka fara biyan alawus ɗin, amma aka hana matan aure, bisa tunanin cewa ai dama a gida suke, jinya kuma aikinsu ne. Shekara goma ana haka, har wata mata mai suna Jackie Drake, wadda ta bar aiki don jinyar mahaifiyarta, ta kai ƙara har Kotun Turai, ta yi nasara a 1986. Ina ganin wannan tunani na 1976 bai mutu ba, tufafi kawai ya sake. Duk wanda ya zauna ya tsara ƙa'idar maki huɗu ya san wando ba zai sa kansa ba. Ya dai dogara ne a kan cewa akwai wata a gidan da ba za ta iya kallon mijinta tsirara ta wuce ba.

Akwai dalili na biyu da ya sa masu jinya suka karɓi sanarwar Maris da tsoro irin na wanda maciji ya taɓa sara. Doka ta yarda mai karɓar alawus ya ɗan yi aiki a gefe, amma da iyaka: fam 139 a mako a 2023, fam 151 a 2024. Ka haura da ko fam ɗaya, alawus ɗin makon gaba ɗayansa ya haramta a gare ka. Ba ragewa ake yi ba. Mace tana shara a makaranta ko tana tsaron kanti na 'yan awoyi, aka yi mata ɗan ƙarin albashi, ko ta karɓi aikin wata da ba ta zo ba, ta haura da fam biyu ko uku ba ta lura ba. Hukumar haraji tana aika wa ma'aikatar fansho sanarwa a kan irin wannan, amma a lokacin ma'aikatar ba ta bin kowacce, sai a bar abu yana taruwa shekara da shekaru. Rana ɗaya wasiƙa ta iso: ana bin ki fam dubu kaza. Wasu har gaban alƙali aka kai su da tuhumar zamba. Jaridar Guardian ta yi ta tona wannan a 2024, ofishin binciken kuɗin gwamnati kuma ya tabbatar a ƙarshen shekarar cewa bashin da ake bin masu jinya ya haura fam miliyan 250, a wuyan mutum sama da dubu 130. Gwamnatin Leba ta ɗaga iyakar zuwa fam 196 daga Afrilun 2025, ta kuma naɗa Liz Sayce, tsohuwar shugabar wata ƙungiyar kare haƙƙin naƙasassu, ta binciki lamarin. Wannan abin a yaba ne. Sai dai a watan da ake shirin fara aiki da sabuwar iyakar, a watan ne mutum dubu 150 suka ji cewa alawus ɗin kansa na shirin kuɓuce musu. An ba da da hannun dama, hagu na miƙe.

Ba Birtaniya kaɗai ba. Shekara guda cif kafin jawabin Kendall, ranar 18 ga Maris 2024, ma'aikatar naƙasassu ta New Zealand ta taƙaita abubuwan da iyalai za su iya kashe kuɗin tallafi a kansu, nan take, kuma da yawa a Facebook suka fara gani. Ministar lokacin, Penny Simmonds, ta kare matakin da cewa masu jinya suna kashe kuɗin a kan tausa da gyaran farce da tafiye-tafiye. Kafin ƙarshen Afrilu an karɓe mata ma'aikatar. Abin lura a maganarta shi ne abin da ta ɗauka almubazzaranci: awa ɗaya da uwar yaro mai lalura ta ware don bayanta ya huta.

A Landan, abin da ya biyo bayan jawabin Kendall bai yi kama da abin da aka saba gani ba. Leba ta ci zaɓen Yulin 2024 da kujeru sama da 400 cikin 650, rinjayen da ya kamata a ce ko me ta kawo zai wuce. Amma kowane ɗan majalisa a can yana da ranar da yake zama a mazaɓarsa yana sauraron koke, kuma tun daga Afrilu masu shigowa suna tafe ne da takardun makinsu a hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan majalisar da ya karanta “maki huɗu” a takarda a majalisa, yanzu ga mace zaune a gabansa tana nuna masa biyu, biyu, biyu, biyu, tana tambayarsa wanne ne a ciki zai ce ba taimako ba ne. Da aka wallafa ƙudirin dokar a tsakiyar Yuni, an saka ɗan sassauci: wanda ya rasa tallafin za a ci gaba da biyansa na mako 13. Bai gamsar ba. Vicky Foxcroft, ɗaya daga cikin masu tsawatar wa 'yan jam'iyya a majalisa, wadda aikinta shi ne ta tabbatar kowa ya bi layi, ta ajiye muƙaminta ta ce ba za ta iya ba. Sannan 'yan Leba sama da 120 suka sa hannu a wani gyara da Meg Hillier ta jagoranta, wanda da ya wuce da ya kashe ƙudirin.

Gwamnati ta fara ja da baya rabi da rabi: waɗanda ke karɓa yanzu ba za a taɓa su ba, ƙa'idar za ta hau kan sababbin masu nema ne kawai. Nan ma aka ce, to mutum biyu masu ciwo iri ɗaya, ɗaya ya kamu a 2025 ɗaya a 2027, ɗaya da tallafi ɗaya babu? Ranar 1 ga Yuli, ana tsakiyar muhawara, saura kamar awa ɗaya da rabi a kaɗa ƙuri'a, ƙaramin minista Stephen Timms ya miƙe ya ce za a cire sashen maki huɗu gaba ɗaya, ba za a taɓa ƙa'idojin PIP ba sai bayan wani nazari da shi zai jagoranta tare da naƙasassu da ƙungiyoyinsu, wanda aka sa ran kammalawa a ƙarshen 2026. Ƙudirin ya wuce da ƙuri'a 335 a kan 260, amma ya wuce ne fanko, kuma duk da haka 'yan Leba 49 suka ƙi shi. A ranar, kafin a kai ga ƙuri'a, wasu 'yan majalisar suna tambaya a fili shin me ma ya rage da za su zaɓa.

Wasu jaridu sun kira wannan nasarar masu jinya. Ni dai ina taka-tsantsan da kalmar. Abin da ya faru shi ne ba a ƙwace abin da ke hannunsu ba. Ƙudirin bai ƙara wa alawus ɗinsu ko sisi ba. Wani sashe na yankan ma ya tsallake: ƙarin da ake ba marasa lafiya a tallafin bai-ɗaya an tsara zai ragu ga sababbin masu nema daga Afrilun 2026, daga kusan fam 97 zuwa fam 50 a mako, kuma a gidajen da ake jinya ne za a ji wannan. Giɓin biliyoyin da ministar kuɗi Rachel Reeves ta so cikewa bai cike kansa ba. Igiyar da ta ɗaure alawus ɗin mai jinya da takardar majinyaci kuma ba wanda ya kwance ta, don haka duk ranar da aka sake taɓa ma'aunin maki, ko da sunan nazari ko da sunan gyara, mutum biyu ne za su girgiza. Tsugune ba ta ƙare ba.

Akwai wani aikin kuma da ba ya cikin awa 35 ɗin da ake ƙirgawa. Tallafin PIP yawanci na wa'adi ne, lokaci lokaci ana sake tantancewa, kuma a gidaje da dama mai jinya ce ke cike fom ɗin. Masu ba da shawara kan gaya mata kada ta ɓoye komai, kada ta yi kara, ta rubuta yadda abin yake a ranakun da jiki ya ƙi. Mace ta shekara tana rufa wa mijinta asiri, tana ce wa baƙi “da sauƙi”, tana canza zanen gado kafin yara su tashi don kada su gani. Yanzu an ba ta biro an ce ta zayyana wa wani baƙo a ofis sau nawa a mako yake kasa kaiwa banɗaki, da wane sashe na jikinsa take wankewa, sama da ƙugu ko ƙasa. Sau da yawa mai jikin yana zaune kusa da ita yana ji, wani lokaci ma yana musu, yana cewa ai yana iyawa, domin ba namijin da ke son a rubuta shi haka. In ta bi ta tasa, maki ya ragu. Sai ta rubuta gaskiya, ta karanta masa, ya sa hannu, ta kai gidan waya. Amsar takan zo ne bayan makonni, a cikin ambulan mai ruwan ƙasa irin na ma'aikatar, wanda ake gane shi tun yana ƙasa a bakin ƙofa. Wasu sukan ajiye shi a kan firji ya kwana biyu kafin su buɗe.